Alƙibla a Shalen Mish'al

Ƙarya kala-kala ce, amma babu mai muni irin ta mutumin da zai nuna abin da ba nasa ba, ya bugi ƙirji ya ce nasa ne, don kawai a ɗauki 'yar mutane a ba shi. Samarin zamani sun mai da wannan hali kamar turare, kowa sai ya fesa kafin ya fita zance. To ku gyara zama ku ji yadda ta kaya da Mish'al dillalin motoci, wanda ya kwashi mutanen Makka ya kai su tsakiyar teku don ya burge su.

Wadda ake wa wannan hidima ita ce Mubina, 'yar Alhaji Mukhtaru mai shagon darduma da carbi a unguwar Kudai. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a wani kantin magani. Shekara biyu ke nan zuciyarta na wurin Mahadi, mai tsire a unguwar Ka'akiyya, wanda in lokacin Hajji ya zo yake tafiya Mina ya yi wa alhazai girki. Sau biyu Mahadi na turo manyansa, sau biyu Alhaji na mai da su da haƙuri. Bai taɓa kushe halin yaron ba. Matsalar ɗaya ce: su Alhaji 'yan ƙasa ne tun zamanin mahaifinsa, shi kuwa Mahadi, duk da a Makka aka yanke masa cibiya, iƙama kawai gare shi, takardar zaman baƙo da ake sabuntawa duk shekara.

Ana cikin haka Mish'al ya shigo neman aure. Ɗan ƙasa ne, mota sabuwa duk wata, Hausa a bakinsa sai tsinta-tsinta. Ran nan ana shan shayi a falon Alhaji, wanda yake kira Ammi, wato baffa, ya ce, "Ya Ammi, ina da shale, gidan shaƙatawa, a wani tsibiri gaba da garin Lit. Ni na gina da kaina, na kwana can ya fi sau goma. Ku zo mu yi kwana uku ku sha iska."

Alhaji ya amince, ya ƙara da cewa ranar da aka dawo zai yanke maganar auren Mubina kowa ya huta. Ya ce ba zai yi mata dole ba. Amma ita ta san kanta, ba za ta iya kallon idon mahaifinta ta ce a'a ba.

Ranar Lahadi bayan asuba suka kama hanyar kudu, su huɗu a mota: Mish'al, Alhaji, Mubina, da kakarta ta wajen uba, Hajiya Ɗaso da suke kira Sitti, wadda rabonta da teku shekara sittin, tun tana amarya aka tsallako da ita daga Sudan.

Suna isa bakin ruwa Mubina ta hango wani na sauke buhun gawayi daga a-kori-kura. Ko ta baya ta gane shi. Mahadi ne.

"Na ɗauko mana mai gashi," in ji Mish'al yana gyara tabarau, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "An ce duk Makka babu mai hannunsa. Ya Mahadi, yalla, a hankali da akwatin Sitti!"

Mahadi ya ajiye buhun, ya zo ya durƙusa ya gai da Alhaji da Hajiya. Bai ko kalli inda Mubina take ba. Alhaji ya amsa fuska a ɗaure, don ya gane wasan da aka shirya.

Masu gadin teku suka duba takardun kowa, wani tsohon masunci ya zuba su a jirginsa, aka tayar da inji.

Jama'a, wanda ya tashi tsakanin duwatsun Makka, in ya ga ruwa iyakar ganinsa dole ya ruɗe! Jirgin na ɗagawa sama ya faɗo, Mubina ta saki ƙara ta ƙanƙame kakarta, sai kuma ta tsinci kanta tana dariya, gishiri na feshin fuskarta, iska na neman tafiya da mayafinta. Ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi. Can sai ga wasu manyan kifaye uku suna tsalle a gefen jirgin kamar ana yi musu kiɗa.

"Sitti, duba! Duba! Wallahi bin mu suke!"

"Na gani, ja'ira, sakar min wuya!" Hajiya Ɗaso ta ce, ita ma bakinta har kunne. "Ke da kike cikin jirgi mai inji. Mu da muka zo, kwana huɗu muka yi a kan buhunan gero, kakanki na amai yana ce min jarumi ne shi."

Mish'al bai yi dariya ba. Yana can ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, fuskarsa ta yi fari fat.

Bayan awa ɗaya tsibirin ya bayyana: farin yashi, 'yan bishiyoyi masu tsiro cikin ruwan gishiri, tsuntsaye dubu, sai ɗaki guda tilo a kan tudu.

Shalen ke nan. Katako ne da tabarmin kaba, rufin kwano an danne shi da duwatsu. Ciki biyu, gadajen igiya, fitilar ƙwai a rataye, tankin ruwa a gindin bango, rumfa a gaba, zagaye a baya. Babu wuta, babu waya, babu maƙwabci sai ƙaguwa. Mish'al ya ja masuncin gefe suka yi ƙus-ƙus, tsohon ya ce sai Laraba da safe, ya juya jirginsa ya tafi.

Mish'al ya tsaya yana kallon ɗakin kamar yadda kowa ke kallonsa. Ya gwada makulli, ya tura ƙofa ta ƙi, ya sa kafaɗa ta ƙi. Sai da Mahadi ya ajiye kaya ya ɗaga ta kaɗan sannan ta buɗe.

"Ɓarayi!" Mish'al ya ce da ya leƙa. "La hawla! Sun sace mukayyif, sun sace janareto, komai da komai!"

Hajiya Ɗaso ta bi bangon da kallo daga sama har ƙasa.

"Kai, ɓarayin nan masu ladabi ne," ta ce. "Sun cire na'urar sanyi, har ramin da take ciki sun tafi da shi."

Mubina ta toshe baki da mayafi ta fice da gudu. Ita kam wurin ya yi mata. Ta cire takalmi ta taka yashi, ta bi ƙaguwa, ƙaguwa ta juyo ta bi ta. Ta tsinci koɗi cike da hannu, ta shiga ruwa iya idon sawu tana ihu duk sanda igiyar ruwa ta taso. Tun da aka haife ta ba ta taɓa tsayawa inda babu ƙahon mota ba. Sai in ta tuna Laraba, murnar ta tsinke.

Kafin azahar Mahadi ya share cikin biyu, ya kafa inuwa da bargo, ya auna ruwan tanki da sanda ya faɗa wa kowa abin da zai ishe shi a yini, kamar yadda ake yi a tantunan Mina. Sannan Mish'al ya kora shi bayan ɗaki.

"Can za ka hura wutarka, hayaƙi na damun Ammi. Salla kuma ka yi taka daga baya, kada nama ya ƙone."

Da rana ta karkata Alhaji ya yi alwala, ya ɗauko darduma ya tsaya a rumfa.

"Mish'al, ina alƙibla?"

Mubina na kallo hannun Mish'al ya tafi aljihun da wayarsa take, sai ya tsaya cak. Wa ke duba waya don ya san alƙiblar gidan da ya gina? Ya zaro hannun, ya miƙa shi ta inda jirgi ya kawo su.

"Can, ya Ammi. Ai daga can muka fito."

"Gabas ke nan," in ji Hajiya Ɗaso tana gyaɗa kai. "Haka muke yi a Kano."

Alhaji mutum ne da duk rayuwarsa a masallatan Makka yake salla, bai taɓa neman alƙibla da kansa ba. Ya shimfiɗa darduma ya matsa baya.

"Bismillah. Mai gida ke jan salla a gidansa."

Mish'al ya shige gaba yana gyara murya. Ya ja su azahar raka'a biyu ta matafiya. Da la'asar ta yi ya sake jan su, har da doguwar addu'a. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah ya yi albarka." Wannan dafawar ta soki Mubina har cikin ƙashi.

Maza na kishingiɗa, Hajiya Ɗaso ta miƙo mata hannu.

"Tashi ki raka ni wurin mai tsirena. Ƙamshi ya hana ni sakat."

Suka zagaya. Tsohuwa ta samu dutse ta zauna, ta karɓi tsinke biyu, ta juya musu baya.

"Ni kurma ce yau. Amma kurmancin na minti goma ne."

Mahadi na juya nama, idonsa ya yi ja da hayaƙi, rigarsa duk ƙuli.

"Me ya sa ka zo?" Mubina ta ce. "Ka san don ya wulaƙanta ka ya ɗauko ka."

"Na sani."

"Ka sani, ka zo?"

"Sana'ata ce, Mubina. Da ita na yi wa ƙannena biyu aure. In Alhaji zai ƙi ni, gara ya ƙi ni yana kallona a bakin wuta, ba a cikin rigar aro ba." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma an ce min kwana uku zan yi ina jin dariyarki. Ko kyauta aka ce zan zo."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Kana wasa, ni kuwa Laraba nake gani. Baba zai tambaye ni a gaban kowa. Ya ce min, 'Mubina, 'ya'yanki za su tashi baƙi a garin da aka haifi ubanki. Makaranta sai da takarda, asibiti sai da takarda, aiki sai an yi roƙo. Ranar da aka ƙi sabunta wa mijinki iƙama, ina za ki bi shi?' Me zan ce masa, Mahadi? Faɗa min abin da zan ce!"

Mahadi ya ajiye mafici.

"Ba ƙarya ya faɗa ba. Ni na tashi a haka, na san ɗacinsa. Ba zan ce miki babu wahala ba."

"To shi ke nan? Ka sallama ni?"

"Wa ya ce? Wallahi da zuciya ake sabunta iƙama, da tawa ta shekara ɗari ce. Amma ba zan sa ki saɓa wa mahaifinki ba. In ya ba ni ke, zan riƙe ki har in mutu. In ya hana..." Ya juya ya shiga fifita wutar da ba ta buƙatar fifita.

"In ya hana me?"

"Sai in gasa naman bikinki, in koma gida in yi kukana."

"Allah ya kiyaye! Wallahi ko tsinke ɗaya ba zan bari ka gasa ba!"

"Minti goma ya cika," in ji Hajiya Ɗaso. "Kun sa min gishirin hawaye a nama. Kai kuma je ka yi la'asar, rana na gudu, ni zan duba maka wutar."

Mahadi ya yi alwala da ɗan ruwa a kofi, ya taka zuwa wani fili bayan zagaye ya kabbarta. Mubina na share ido sai ta ji takun mahaifinta. Alhaji ya zagayo, ya dube ta, ya dubi uwarsa, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan mai salla.

Mahadi bai fuskanci inda suka fuskanta ba. Gabas na hannun damansa.

Alhaji ya jira har ya sallame.

"Kai! Wace irin salla ce wannan? Mai neman 'yar mutane bai san inda zai sa goshinsa ba?"

Hayaniyar ta fito da Mish'al, yana murna tun daga nesa.

"Shuf, ya Ammi! Ka gani? Na faɗa maka irin waɗannan..."

Mahadi ya sunkuyar da kai. "Alhaji, ka gafarce ni. Ban san ta ina kuka yi taku ba, ina nan baya. Ni dai wannan na bi."

Ya matsa gefe. A ƙarƙashin ƙafarsa an jera fararen duwatsun teku a kan yashi, layi madaidaici mai ɗaukar mutum shida, da ɗan lanƙwasa a gaba inda liman ke tsayawa. Duwatsun sun nutse rabi don daɗewa. Wurin sujada har ya yi santsi.

"Masallacin masunta ne," in ji Mahadi. "Su da ke kwana a nan shekara da shekaru. Kuma Alhaji, tun asuba kudu muke yi a mota, awa biyu da rabi. Jirgi ne kawai ya yi da mu yamma. Makka na arewa da mu."

Alhaji ya ƙura wa duwatsun ido.

"Innalillahi!" Hajiya Ɗaso ta dafe kai. "Shekara sittin ina kallon Ka'aba da idona, yau na wuce ta na gai da dutsen Ɗa'ifa!"

Alhaji ya juya a hankali.

"Mish'al. Sau nawa ka ce ka kwana a nan?"

"Ya Ammi, wato... bari in duba waya, yanzu za a..."

"A gidanka? Mai da ita aljihu. Sau nawa?"

"Sau... goma."

"Ka gina ɗaki da kanka, ka kwana sau goma, ga masallaci taku ashirin da ƙofarka ba ka taɓa ganinsa ba." Alhaji ya ɗaga yatsu biyu. "Ɗayan biyu ne. Ko gidan ba naka ba ne ka yi min ƙarya, ko naka ne ba ka salla. Zaɓi wanda zan faɗa wa mahaifinka."

Gumi ya keto wa Mish'al. Ya kalli teku, babu jirgi. Ya kalli Mubina, ta kau da kai. Hausar ta gudu, Larabcin ma ya ƙi fita daidai.

"Haya ce," ya ce can ƙasa. "Na masuncin nan ne. A hoto na gani, hoton kuma... ba haka yake ba."

"Da ka ce min haya ce, da na gode maka, don wurin ya yi kyau," in ji Alhaji. "Da na tambaye ka alƙibla ka ce ba ka sani ba, da mun nema tare. Amma ka gwammace ka juyar da ni da uwata daga ɗakin Allah, ka shige gaba kana gyara murya, don kada a gane ka. Wanda zai yi haka da salla, me zai yi da 'yata?"

Ya dubi rana, ta fara ja.

"Ku yi alwala, mu sake azahar da la'asar kafin lokaci ya fita."

Suka jeru a cikin duwatsun masunta. Alhaji ya ja su da kansa. Da magariba ta yi kuwa, sai ya tsaya a sahu ya ƙi matsawa.

"Mahadi, shige gaba."

"Alhaji, rigata duk hayaƙi..."

"Na ce shige."

Bayan an sallame Alhaji bai tashi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Mubina, abin da na faɗa miki game da 'ya'yanki yana nan, ban janye ko kalma ɗaya ba. Za ku sha wuya. Kin ji da kyau?"

"Na ji, Baba."

"Kina nan a kan bakanki?"

Ta ji hannun kakarta ya matse nata.

"Ina nan, Baba."

"To. Mahadi, ka turo manyanka ranar Juma'a. Takardar izinin hukuma ta auren 'yar ƙasa da baƙo kuwa, ko shekara za ta ɗauka, ni zan bi ta ofis-ofis da ƙafata."

Hajiya Ɗaso ta rangaɗa guɗa da sauran muryar da ta rage mata, har tsuntsayen tsibirin suka tashi gaba ɗaya. Mubina ta kifa kai a cinyarta tana kuka tana dariya, Mahadi kuwa ya rasa abin yi, sai ya ruga ya duba naman da ya daɗe da ƙonewa.

Shi kuwa Mish'al, ga abin da ƙaryarsa ta ci masa. Ya rasa Mubina. Ya rasa dafawar Alhaji Mukhtaru, mutumin da in ya yabi saurayi a Kudai kowane gida ke buɗe masa ƙofa. Ya rasa bakin magana, don ko cewa ya yi ruwa ya tafasa, sai Hajiya Ɗaso ta ce a tambayi Mahadi tukuna. Hanyar gudu ma ya rasa: kwana uku cur ya yi a tsibirin nan, yana cin abin da mai tsire ya gasa, yana shan ruwan da mai tsire ya auna masa, yana bin mai tsire salla sau biyar a rana, har jirgi ya zo ranar Laraba.